Motar Da Ta Ƙi Tashi A Hannun Su Jatau

"Tsaya nan! Ka motsa in hwasa ma kai!"

Jatau ne ya diro daga kan tsamiya, bindigar toka a kafaɗa. A gabansa ga kututturen da suka gicciya a hanya. Direban ya danne birki, ƙiiii! Motar ta yi tangal-tangal, ta tsaya hancinta na shinshinar itacen. Injin ya yi tari, ya mutu.

Rana tsaka ce, a kwanar da ke gaba da Tsafe kaɗan in ka nufi Gusau. Shekarar da ake shimfiɗa ƙarfen jirgi zuwa Gusau ke nan, lokacin da in mota ta wuce har manomi sai ya jingine fartanya ya yi kallo. Wannan kuwa ta wani kamfanin Turawa ce mai sayen auduga da gyaɗa, ƙaramar motar kaya mai rufaffen baya. Daga Funtuwa ta taso, maƙare da dilolin atamfa da akoko.

Su huɗu suka tare ta. Jatau shi ne shugaba, gajere, ja, fushinsa a bakin hanci. Dogo kuwa sunansa ya ishe shi bayani. Akwai Ɗantsoho maharbi, wanda ya girme su duka, ya kuma fi su surutu. Na ƙarshe Ma'u, bai iya baka ba, takobi ma nauyi yake yi masa, amma ya taɓa tuƙa wa wannan kamfanin mota kafin su kore shi. Don haka Jatau ya jawo shi. Jaki ba ya gudu da dila goma.

Dogo ya fizge ƙofar. "Hito, ɗan banza!"

Direban, wani siririn mutum mai suna Haruna, ya fito kamar mai ladabi, hannu ɗaya a baya. Dogo ya miƙa hannu zai shaƙe shi — ƙwam! Wani lanƙwasasshen ƙarfe ya sauka masa a ƙauri. Dogo ya kurma ihu ya zube. Haruna ya tsallake shi ya faɗa gonar dawa, sai ƙarar kara kake ji.

Ɗantsoho ya ɗana kibiya.

"Ƙyale shi, tsoho!" in ji Jatau. "Kaya munka zo ɗauka, ba direba ba. Ma'u, hau!"

Ma'u ya hau yana murmushi. Ya shafa sitiyari kamar mai gai da tsohuwar budurwa. Ya murɗa makunni, ya taka maɓallin da ke ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ƙyas.

Ya sake takawa. Ƙyas. Shiru.

"Mi an nan?" Jatau ya leƙo.

"Sitata ta ƙiya."

"Wace ce Sitata? Ina take in gan ta?"

"Ba mutum ba ce, Jatau. Ɗan ƙaramin inji ne da ke murɗa babban ya tashi. Kada ka damu, akwai ƙarhen da aka murɗa ta da shi da hannu, daga gaba." Ya laluba ƙarƙashin kujera. Ya laluba bayanta. Ya ɗago a hankali ya dubi Dogo, wanda ke zaune a ƙasa yana hura ƙaurinsa. "Dogo, da mi mutumin ga yab buge ka?"

"Da wani ƙarhe mai gwiwa."

Ɗantsoho ya fashe da dariya har kibiyar ta faɗi. "Wato mun kama doki, linzami ya tsere!"

"To yanzu fa?" Jatau ya daka tsawa.

"Yanzu sai turi."

Suka janye kututturen. Jatau ya haye kusa da Ma'u ya ɗora bindiga a cinya, ya ce shugaba ba ya turi. Dogo da Ɗantsoho suka kafa kafaɗa. Gangara ta taimake su. Motar ta gungura, ta yi fizga, ta yi atishawa — burrr! Suka bi ta da gudu suka ɗare baya. Ma'u ya saki babbar hanya ya faɗa burtali.

*

Haruna bai tsaya ba sai ƙofar gidan hakimin Tsafe. Takalmansa sun zube tun a gona, ƙaya ta yi masa kaca-kaca da ƙafafu, amma ƙarfen na nan a hannunsa. Sai da aka ɓamɓare yatsunsa kafin ya sake shi. Aka tashi mai doki zuwa Gusau.

Da hantsin washegari Attahiru, babban ɗan doka, ya iso da mutanensa a kan dawakai. Mutum ne mai ƙiba, ba ya gaggawar magana, kullum da goro a kunci.

"Sun yi nisa ke nan," in ji shi. "Doki ba ya kama mota."

"Wagga zai kama ta, ranka ya daɗe," Haruna ya ce daga kan tabarma, ana cire masa ƙaya. "Sitatarta ta daɗe tana ciwo, na gaji da kai ƙara. Da ƙarhen ga nike tada ta. In ta mutu musu, sai dai su tura."

Attahiru ya je kwanar ya sauka daga doki. Ga sawun taya, ga sawun ƙafafu a bayansa, yatsu sun nutse cikin ƙasa, ɗaya ma yana ɗingishi. Ya tauna goronsa ya yi dariya.

"Ɓarayin ga suna wahala. Mu tahi mu taimake su."

*

Wahala kam sun sha ta. Burtali hanyar shanu ce, ba ta mota ba. Duk rami sai injin ya mutu, duk mutuwa sai turi. Sun kewaye dutsen Kwatarkwashi, sun bi ta bayan Gusau nesa da idon mutane, sai a dare na biyu suka kai wani kurmi kusa da Bungudu suka kwana. Da gari ya waye Dogo ya kasa miƙe bayansa.

"Ni dai na gama," ya ce. "Fashi niz zo yi, ba aikin jaki ba."

Mai sayen kayan yana jiran su a ƙetaren gulbi, bayan Bungudu. Rani ne, ruwa ya janye, sai yashi fari fat.

"In ta mutu tsakiyar yashin can," in ji Ma'u, "ko mu goma ne ba mu tura ta. Ku bari in duba ta."

Ya tuɓe riga, ya buɗe murfin inji, ya zazzage akwatin kayan aikin Haruna a ƙasa. Suka kewaye shi kamar masu kallon wanzami.

Da batir ya fara. Ya kunna fitilu, suka kawo tar. Ya danna hon — ɓaaap! Jatau ya yi tsalle ya rarumi bindiga, tsuntsaye suka watse daga kurmin.

"Kai mahaukaci ne? So kake duk Bungudu su zo gaisuwa?"

"Batir na da wuta," Ma'u ya ce, ko a jikinsa. "Ba shi ne ba."

Ya bi wayar daga batir har inda ta ƙare. Ya kwance bakinta, ya kankare tsatsa da wuƙar Ɗantsoho har jan ƙarfen ya yi ƙyalli, ya mayar ya ɗaure tam. Ya taka. Ƙyas. Fitilu suka dushe kamar za su mutu, sannan suka dawo.

"Ka gani, Baba? Wuta na zuwa, tana sha, ba ta aiki."

"Irin ɗiyan zamani ke nan," in ji Ɗantsoho.

Ma'u ya ce watakila maɓallin ne. Ya ɗauki sifana ya haɗa bakunan wayar kai tsaye. Tartsatsi ya tashi — fas! Dogo ya ja da baya yana salati. Sitata ko gezau. Ya ba Ɗantsoho dutse ya ce ya ƙwanƙwasa mata a gefe yayin da shi yake takawa, wai wani lokaci takan farka. Tsoho ya yi ta bugu yana yi mata kirari. Ba ta farka ba.

A ƙarshe ya shige ƙarƙashin motar da sifana. Can sai ga shi ya fito baƙi ƙirin, rungume da wani dunƙulen ƙarfe mai kamar ƙaramin turmi. Ya kai hanci, ya miƙa wa Jatau.

"Shinshina."

Jatau ya yamutsa fuska. "Ƙauri."

"Ta ƙone daga ciki. Wagga gawa ce. Sai wata."

"Wata? A kasuwar wa? Ko a gonar ubanka aka shuka su?"

Ma'u ya sosa ƙeya. Ya ce akwai 'yar'uwar wannan motar, iri ɗaya sak, da ta faɗa kwazazzabo a bakin Bungudu daminar bara. Kamfani ya kwashe abin da zai kwasa, ya bar gangar jikin ga wani maƙeri mai suna Sahabi.

"Kai ina kas san wanga labari?"

"Ni ke tuƙa ta," in ji Ma'u.

Ɗantsoho ya sake kwashewa da dariya. Jatau bai yi ba. Ya tsura wa Ma'u ido, sannan ya ce Dogo ya raka shi, kada ya bar shi ko bayan gida shi kaɗai.

*

Maƙerar Sahabi na gefen gari. Rabin motar ya riga ya zama fartanyu da laujuna. Abin da ya rage kaji sun mai da shi gida.

"A'a! Ma'u direba!" Sahabi ya ajiye guduma. "Kai ne? Ka zo ganin kabarin aikinka?"

"Malam Sahabi, barka da aiki. Wani ƙarhe nike nema, dunƙulalle, mai haƙora a baki."

Suka duba cikin kaji, babu. Suka tona tarin ƙarafa, babu. Sai Ma'u ya ɗaga kai. Ga sitatar can a kan rumfar maƙera, an danne zana da ita don kada iska ta kwashe.

"Wancan? Na kai shi wuta in narkar da shi, sai nig ga akwai jan waya ciki, nic ce bari dai."

"Ka sa ta a wuta?" Ma'u ya dafe ƙirji.

"Na yi niyya dai, ban sa ba."

Dogo ya miƙa hannu ya sauko da ita ba tare da ya yi ɗage ba. Ma'u ya juya haƙoran da yatsa, suka juya sumul. Ya shinshina. Ƙura kawai da kashin kaji. Ya zaro turmin atamfa daga ƙarƙashin riga ya ajiye wa maƙerin.

Sahabi ya bi su da kallo har suka ɓace. Ya dubi atamfar, sabuwa dal, da tambarin kamfani a jikinta. Ya dubi sawun dogon mai ɗingishi. Matarsa ta leƙo ta ce a ba ta ta gani, ya ce ta bari tukuna. Ya naɗe turmin a hammata ya nufi gidan mai gari. A ƙofar ya iske dawakai sun yi gumi, da wani mai ƙiba yana ɓare goro.

*

A kurmi, Ma'u ya wanke sitatar da kananzir, ya ɗiga mata mai. Kafin ya ɗaura, ya dafa ta a jikin ƙarfen motar ya taɓa mata wayar batir. Wuiii! Ta zabura kamar kifi, saura kaɗan ta kuɓuce masa.

"Tana da rai!" Dogo ya yi ihu. "Bayana ya huta!"

Ma'u ya shige ƙarƙashi da ita. Ɗantsoho ya tsuguna a gefe yana miƙa masa noti ɗaya-ɗaya. Jatau da Dogo suka koma inuwa suna tauna rake.

"Ɗana," tsohon ya ce ƙasa-ƙasa, bakinsa ko motsi ba ya yi. "Ci gaba da aikinka, kada ka ɗago. Da kunka tahi, Jatau ya ba ni aiki. Ya ce Bungudu kowa ya san huskarka. In mun ƙetare gulbi, ba sauran amfaninka. Kibiya guda, a bayan wuya."

Sifanar ta tsaya.

"Kai kuma mi kac ce, Baba?"

"Na ce to. Wa ka ce ma Jatau a'a yana riƙe da bindiga? Amma ni na harbi barewa, na harbi gada, na harbi mutum ma, Allah shi yafe. Ban taɓa harbin wanda munka ci tuwo ƙwarya guda ba. Yanzu da tsufana ba ni farawa."

Ma'u ya sake kama sifana. Mai ya ɗigo masa a goshi. Ya ja notin ƙarshe har sai da sifana ta yi ƙara, ya haɗa waya, ya ɗaure.

"Baba, in ana turi ka tsaya dab da ƙohwar baya. Ka bar ta buɗe. Da ka ji ta yi tari, hwaɗa ciki."

Ya fito ya goge hannu. Kowa ya taso. Ya hau, ya murɗa makunni, ya taka ƙasa da ƙarfi, gefen maɓallin, ba kansa ba. Shiru.

"Mi kuma?" Jatau ya yar da raken.

"Gwaje-gwajen ga sun shanye batir. Turi guda ya rage. In ta tashi, ta cika kanta, daga nan har Sakkwato ba mai sake taɓa ta."

Jatau ya haye kusa da Ma'u. Dogo ya yi ashar, ya jefa takobinsa cikin motar, ya kafa kafaɗa. Ɗantsoho ya kama gefen ƙofa. Suka yunƙura. Tayoyin sun kwana cikin rairayin kurmi, ko motsi.

"Sai da kai, shugaba," Ma'u ya ce. "Nauyinka ma ya rage, ƙarhinka ya ƙaru."

Jatau ya harare shi. Ya dubi rana, ta karkata. Ya sauka, ya rataya bindiga a baya, ya sa hannu biyu.

"Haya! Ku tura!"

Ma'u ya ce bisimilla, ya taka maɓallin.

Wuiii — burrrr!

Tayoyi suka watsa rairayi. Ɗantsoho ya yi sufa ya faɗa kan diloli. Jatau da Dogo, da suka zuba duk ƙarfinsu a jikin abin da babu shi yanzu, suka kifa da baki a ƙasa.

"Ma'u! Ɗan burar uba! Tsaya!"

Jatau ya mirgina, ya fizgo bindiga, ya durƙusa — daram!

Motar ta yi tsalle ta fice daga kurmin. Ma'u na dukan sitiyari yana dariya.

"Baba! Ka ga bakin Jatau cike da ƙasa?"

"Na gani!" muryar ta zo daga baya. "Tahi dai, ɗana, tahi!"

Ƙarar bindigar ce ta ƙarasa wa Attahiru aiki. Dawakai suka keto kurmin ta ko'ina. Jatau na tsaye yana ɗura albarushi. Gora ta sauka masa a wuyan hannu, wata a gwiwa. Dogo bai ko tashi ba. Ya miƙa hannuwa daga kwance ya ce su ɗaure, in dai ba turi za a sa shi ba.

*

A bakin gulbi Ma'u ya tsaya. Ga yashi shimfiɗe, ga ƙetare ana hangowa. Kayan duka nasu ne su biyu.

"Baba, sauko ka duba muna inda yashi ya hi ƙarhi."

Tsohon bai sauko ba.

Ya zagaya baya. Ɗantsoho na jingine da dila, hannu a kwiɓi. Farin akoko ya rine ja har ƙasa.

"Ɗan ƙwarzane ne," tsohon ya ce. "Ƙetare."

Ma'u ya dubi ƙetaren. Daji ne, babu gari, babu mai magani, sai mai sayen kayan sata. Ya rufe ƙofar a hankali, ya hau, ya juya kan motar.

Ranar kasuwar Bungudu ce. Ya shigo gari yana danna hon, awaki na watsewa, mata na janye tallansu. A rumfar wanzamai ya taka birki. Aka sauko da tsohon aka shimfiɗa a tabarma. Babban wanzamin ya ɗaga rigar, ya duba, ya mayar ya rufe. Ya ce a kawo ruwa kawai.

Ɗantsoho ya kurɓa. Ya dubi Ma'u da ke tallafe da kansa.

"Kai wawa ne. Da yanzu ka yi nisa."

"Yi shiru, Baba."

"Amma aradu abin ga ya hi jaki daɗi. Ashe haka Jatau ka ji, mu muna turi."

Ya yi 'yar dariya, ta zame masa tari. Wanzamin ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin a kira la'asar ya cika.

Ma'u na zaune a wurin, sai Attahiru ya iso, Jatau da Dogo na biye a ɗaure da igiya ɗaya. Babu wanda ya riƙe Ma'u, babu inda ya je. Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya tsaya a yi wa tsohon sutura. Attahiru ya dube shi, ya tofar da tuƙar goro, ya ce a bar shi. Da akokon kamfani aka yi likkafani, Attahiru ya ce shi zai amsa tambaya.

Daga baya alƙali ya yanke. Jatau bai sake fitowa ba, ran Ɗantsoho ya ci shi. Dogo ya fito bayan shekaru da baya a tanƙware, ya ƙare yana gadin rumbunan wani attajiri a Tsafe. Ma'u ma ya sha nasa zaman, yana fasa dutse a gefen hanyar da ya taɓa tuƙi a kanta. Kayan da suka sha wahala dominsu, ko ƙyalle ba wanda ya ɗaura.

Amma a wannan yammacin, da aka dawo daga maƙabarta, wata matsala ce ta tsaya wa Attahiru. Ga mota, ga kaya, ga fursunoni, ga Gusau da nisa. Haruna na Tsafe da kumburarrun ƙafafu. Ya dubi 'yan dokarsa, kowa ya sunkuyar da kai. Duk Bungudu mutum ɗaya ne ya iya tuƙi.

Aka cusa Jatau da Dogo a baya, kan dilolin da jini bai gama bushewa ba. Aka kwance wa Ma'u hannu. Attahiru ya hau kusa da shi da ƙyar, ya dafe ƙofa da hannu biyu, don bai taɓa shiga mota ba.

"In kira mutane su tura?"

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Ma'u. "Na gyara ta."

Ya share ido da bayan hannu, ya taka. Bugu ɗaya ta tashi.